Neman shawara: in biya kuɗin kwas ɗin sola, ko in je in zauna wurin oga?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni matashi ne daga wani ƙauye a yankin Haɗeja, shekarata 23, na gama sakandare ban samu ci gaba ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu noman rani a garinmu suka fara jingine injin ban ruwa suna komawa famfon sola. Abin da ke ci mini rai, duk ranar da famfo ya tsaya sai an kira mai gyara daga Kano, a biya masa kuɗin mota, shinkafa kuwa tana can tana bushewa. Na sayar da raguna biyu, kuɗin na hannuna. Akwai kwas na sati biyu da ake ba da takardar shaida. Akwai kuma abokin babana mai shagon kayan sola a Sabon Gari, ya ce in zo in zauna shekara guda, ba albashi sai kuɗin abinci. Wanne zan ɗauka?

Wani mai haɗa sola a Kano: Wa alaikumus salam ƙanena. Tafi wurin abokin babanka, amma ka fara bincikawa: yana fita aiki, ko sayar da kaya kawai yake? In a shago zai zaunar da kai, shekara za ta ƙare ba abin da ka haddace sai farashi. Sati biyu kuwa ba ya isa mutum ya iya lissafin lodi, wato yawan wutar da kayan gida za su ja. Ni a aikina na farko siririyar waya na sa tsakanin batir da inbata don in rage kuɗi. Ana kunna firji sai ga roba tana narkewa, ɗaki ya cika da ƙauri, mai gida na tsaye yana kallona. Daga aljihuna na biya. Kuma yawancin kiran da ake mana daga ƙauye ba wata babbar matsala ba ce: ƙurar hunturu ta rufe farantin sola, ko an kafa shi bai fuskanci kudu ba, ko reshen darbejiya na yi masa inuwa, ko an saba zuƙe batir mai ruwa fiye da rabi har ya mutu da wuri. Wanda ya iya gano waɗannan da mitar gwajin wuta, ba zai rasa na cefane ba.

Wani malamin makarantar koyon sana'a: Na yarda da Malam, amma kada a raina takarda. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na faɗaɗa wutar sola a Najeriya, wanda hukumar REA mai kai wuta karkara ke gudanarwa. Kamfanonin da ke kafa ƙananan tashoshin sola a ƙauyuka, in za su ɗauki mutum, sukan nemi shaida. Ka koya da hannu tukuna, sannan ka zauna jarrabawar gwajin sana'a (Trade Test) ta Ma'aikatar Ƙwadago, ko ka nemi horon NAPTIN, cibiyar gwamnati mai horar da ma'aikatan wutar lantarki. Kuɗin ragunan nan ka adana su don kayan aiki.

Wata mai sayar da ƙanƙara da zoɓo: Ɗana, ni roƙona ɗaya ne. Wanda ya haɗa mini sola ya karɓi kuɗinsa ya koma birni, wata uku firizata tana kashe, ko waya ba ya ɗauka. In ka koya don Allah ka dawo gida, kada Kano ta riƙe ka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na kira abokin baban nawa, ya ce akasarin aikinsa famfon rijiyar burtsatse ne, har Gumel da Maigatari suna zuwa. Bayan girbi zan tafi in sha Allah. Mama, na yi miki alkawari. Yaya, wace irin mita zan saya, ta hannu kawai ko mai matse waya?