Hanyar icce cikin lambu: akwai wanda ya taɓa yi?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan zaure. Iskar farkon damina ta kada muna babban dogon yaro a gida, nan Mabera. Maigida na son a sayar ma masu gidan burodi, ni ko so nike a yayyanka gangar jikin kamar faifai, a jera daga ƙofar kicin zuwa wurin shuke-shukena. Akwai wanda ya taɓa yi?

Hajiya Luba: Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba, ba wanda ya ji ciwo dai ko?

Maman Sadik: Babu Hajiya, katanga kaɗai ta ɗan taɓu.

Malam Bello Arkilla: Ni an yi mani, kuma har yau ina jin zafin kuɗina. Iccen mangwaro ne, ɗanye shar, wanda ya yi aikin ya yanka da safe ya jera da marece bisa ƙasa tsurarta, ɓawon ma bai cire ba. Da hunturu ya shigo duk sunka tsage tun daga tsakiya har baki. Zafin Afrilu ya ƙarasa su, sunka lanƙwashe, tsohuwarmu ta yi tuntuɓe da guda. Babbar ɓarnar sai da damina: gara ta shige ta ƙasa ta cinye ciki, sama ka gani lafiya lau, ka taka ƙafa ta nutsa. Daga nan ta bi ginin ta kama ƙyauren ɗakin ajiya. Ranar da munka tone su, kunama munka tarar ƙarƙashin ɓawon. Maman Sadik, kina da ƙananan ɗiya, ki yi tunani.

Usman Kafinta: Malam, mangwaro ai abincin gara ne. Dogon yaro ya fi shi jimiri sosai, musamman jan cikin. Farin gefen ne take fara ci.

Abba: A zuba masu baƙin mai kawai, magana ta ƙare.

Anti Rabi: Haba Abba, kusa da zogale da alayyahun da za a ci? Baƙin man mota ƙasa yake bi.

Usman Kafinta: Maman Sadik, in za ki yi, kauri kada ya gaza inci 4. A cire ɓawo, a jingine su a inuwa inda iska ke ratsawa har su bushe a hankali, rana ce ke fasa su. A haƙa hanyar, tsakuwa a ƙasa a daddale, yashi a kai, sannan a jera, a cike tsakani da ƙananan tsakuwa don ruwa ya wuce. Gefen da zai kwanta ƙasa a shafa masa Solignum, maganin da ke kare katako daga gara. Kada hanyar ta taɓa bangon ɗaki. Duk da haka ba aikin har abada ba ne, wanda ya ruɓe a cire a sa wani, don haka ki aje saura.

Baba Alhaji: Kirya ita ce icce. Da ita aka yin turmi.

Anti Rabi: Baba, a yi haƙuri, kiryar nawa ta rage a daji? Masu gawayi sun gama da ita. Wanda iska ta kada daban, amma kar a saro mai rai don ado, ga hamada tana matso mu.

Baba Alhaji: Ɗiyata, ban ce a sara ba. Tambaya anka yi.

Abba: Ni dai intalok, ƙananan bulon nan da aka shimfiɗawa ƙasa, ga siminti nan Kalambaina.

Hajiya Luba: Ka taɓa taka intalok ba takalmi da azahar a Sakkwato? Icce bai ɗaukar zafi haka.

Malam Bello Arkilla: Amma da ruwa santsi gare shi.

Usman Kafinta: Kar a goge saman, a bar shi da kaushin zarto.

Maman Sadik: Na gode ƙwarai. Malam Usman, masu injin yanka suna zuwa gida ko sai an kai masu?

Hajiya Luba: Kafin ya amsa, in rassan ba su da aiki ki aje mani, akwai suna gidanmu sati mai zuwa.