Mu tsayar da kalmar Hausa ga "social graph"

'Yan uwa masu rubutu da fassara, akwai kalmar da kowa ke juya ta yadda ya ga dama, ita ce "social graph". Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, shi ne ya yayata ta a 2007, kuma ma'anarta bayanin wa ya san wa, wa ke magana da wa, mutane a matsayin ɗigo, alaƙarsu a matsayin layukan da suka haɗa su. Ni dai shawarata mu tsaya a kan taswirar hulɗa.

An kawo "jadawalin zumunci", to amma jadawali na jeri ne da lissafi. "Sarƙar dangantaka" ma ba ta zauna ba, don sarƙa hanya ɗaya take bi, alhali mutum guda yana haɗe da ɗaruruwa ta ko'ina. Taswira ta fi dacewa.

Gardamar tana kalma ta biyu: zumunci ko hulɗa? Bakinmu ya saba da "dandalin sada zumunta", shi ya sa yake saurin kaiwa can. Amma mu dubi abin da ya sami Google. Kamfanin yana da Gmail tun 2004, ya sayi YouTube a 2006 kan dala biliyan 1.65, ga Maps, ga lambobin da ke cikin wayoyin Android. Ya san wanda kake yawan aika wa saƙo, ya san bidiyon da kake kallo. Sai aka ga ai kayan gina dandali irin Facebook duk suna hannu, ɗinke su kawai ya rage.

A Fabrairun 2010 aka cusa Buzz, sabon dandalin sada zumunta na Google, cikin Gmail. Manhajar ta kwaso waɗanda ka fi yi wa imel ta haɗa ka da su ba tare da ka zaɓa ba, kuma baƙo yana iya ganin jerin sunayen a shafinka. To wa ka fi rubuta wa? Yana iya zama likitanka, ko lauyanka, ko mai bin ka bashi. Ga mace kuma, yana iya zama tsohon mijin da take ɓoye wa inda ta koma. Duk hulɗa ce, ba ko ɗaya da za a kira zumunci. Maganar ta kai gaban FTC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Amurka, kuma a 2011 Google ya amince a riƙa bincikar yadda yake kare sirrin jama'a har shekara 20.

Wani dandalin na Google, Google+, ya zo a Yunin 2011 da tsarin Circles, inda kai da kanka za ka ware dangi daban, abokan aiki daban. Wannan gyara ne mai kyau. Sai dai a 2013 aka tilasta wa mai son yin sharhi a YouTube ya buɗe asusun Google+, jama'a suka fusata, aka janye a 2015, aka rufe dandalin ga jama'a a Afrilun 2019.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, wato sai mutum ya yi niyya ya taka. Na'ura tana ƙirga saƙonni, ba ta ganin niyya. Idan muka ce "taswirar zumunci", mun yarda da iƙirarin kamfanonin cewa duk hulɗa zumunci ce tun kafin mai karatu ya yi tambaya, kuma wannan ne ba na so harshenmu ya yi musu.

"Dandalin sada zumunta" ya zauna yadda yake. Jam'in sabuwar kalmar taswirorin hulɗa. Malamai da ma'aikatan rediyo, don Allah ku gwada ta a jimla: "Google yana riƙe da taswirar hulɗar masu amfani da Gmail." In ta yi muku nauyi a baki, ku kawo wadda ta fi ta.