Abin da aka shawarci mai karanta tsoffin shari'un Birtaniya

A zaman da muka yi da ɗaliban shari'a, shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada mutum ya haɗa Ingila da Sikotilan a kwando ɗaya. Yarjejeniyar haɗewa ta 1707 ta bar wa Sikotilan dokokinta da kotunanta. Babbar kotunta ta ƙararrakin farar hula tana nan tun 1532, zamanin Sarki James na biyar.

An daɗe a kan kalmar sherif, kuma na ga dalili. A Sikotilan alƙali ne mai zama a kotu yana yanke hukunci. A Ingila wakilin sarki ne a gunduma, yau kusan sarautar girmamawa ce kawai. Wanda ya rikita su, fassararsa ta lalace tun daga tushe.

Sai kuma lura da shekara. Kafin dokokin 1873 da 1875, kotun Cansari mai duba adalci daban take da kotunan dokar gama-gari, wato dokar da ta samo asali daga hukunce-hukuncen alƙalan baya. Kotunan zagaye na Ingila kuwa, inda alƙalai ke bin gundumomi suna shari'a, an soke su da dokar 1971.

Ya kamata ɗalibin Najeriya ya fara da Ingila, domin dokokin da ke aiki a can a ranar 1 ga Janairu 1900 su muka gada.