Wa ƙafa ta taɓa yi wa sanyi gaban gola?

Ɗan Mabera: Jama'a ku ba ni naku labari ko na ji sanyi. Wasan unguwa munka yi ran Asabar anka tashi 1-1 sai fenariti, ni da nike zuba su awa wasa wurin tirenin, ina aje ƙwallo sai raga ta ƙanƙance mini, na ɗirka ta tahi sama can wajen mai fiyawata. Har yau abin na cina.

Kocin Arkilla: Haƙuri ƙanena. Baggio na Italiya ma da ya aika ta sama gaban Burazil a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1994, shi ya ci Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo, a 1993, to kai wane ne. Ni yarana ba su buga fenariti da sauran ƙarfinsu, sai ƙarshen tirenin in riga ta jiƙe sharkaf, kowa ya tako shi kaɗai daga tsakiyar fili sauran na mai ihu suna tsokana, don wagga tahiyar ita ka kashe mutum ba yadi 12 ɗin tsakanin ƙwallo da raga ba. Kuma ka zaɓi kusurwarka tun kana tsakiya, ko gola ya yi rawa kada ka sake.

Golan Runjin Sambo: Gaskiya koci. Ni daga tahiya nike gane matsoraci, alƙali na busa usur ya rugo don ya rabu da ita. Wanda ya tsaya ya ja numfashi shi ka ba ni wahala. Mu kam ba mu da asara, in ta shiga ba mai zaginka, in ka kama ka zama Nwabali, golan Najeriya da ya tare biyu na Afirka ta Kudu a 2024 😂

Tsohon ɗan kokawa: Ɗiyana mu ma haka ne. In ganga ta ɗau zahi ana kirarin abokin karonka gwiwa na rawa, sai in duƙa in ɗibi ƙasa in murje hannu, in yi bismilla, in dubi ƙugunsa ba huskarsa ba.

Ɗan Mabera: Allah shi saka Baba. Koci gobe bayan la'asar ina nan tahe, amma don Allah a rage ihun.

Kocin Arkilla: Kai ma ka san ƙarawa za a yi.