Sifesa: zobe, wosha ko gammo?

1/ Jama'a, kalma nake nema. ƴan zobban nan da ake jerawa ƙarƙashin wuyan keken hawan dutse (ƙarfen da ke riƙe da kan keken), masu gyara a unguwar Aboabo ta Kumasi sifesa suke ce musu. Yaranmu sun haddace sunan, amma ba ya gaya musu aikin abin.

2/ Ɗan yayata ya sayi keken hom yus, wato na hannu daga ƙasar waje, ya zare zobban duka don kan keken ya yi ƙasa irin na ƴan tsere. A gangaren Abono, hanyar Tafkin Bosomtwe, ya faɗi. Shi Allah ya tsare, gwiwa kawai ya kuje. Amma kan ya juya da ƙarfi, hannun birki ya daki sandar firam ta sama ya lotsa ta, lotsawar da babban yatsa zai zauna ciki. Alminiyon kuwa in ya lotsa ba ya komawa. Masta, mai gyaran keke, ya shafa wurin ya ce, "Yaro, wa ya cire maka sifesa?"

3/ Tsohon keken Phoenix na Baba, noti ɗaya za ka sassauta ka jawo kan sama. Waɗannan ba haka suke ba. Bututun fok (ƙarfen da ke riƙe tayar gaba), mai kaurin milimita 28.6, an riga an yanke shi, wuyan kuma daga waje yake kama shi. In kana son ɗaga kai, sai ka ɗauko zobe daga saman wuya ka mai da shi ƙasa. Akwai na milimita 5, akwai na 10.

4/ Wani ya ce mu bar shi a zobe. Zobe siffa kawai ya faɗa, kuma a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, in ka ce zobe, na fistin za a fara tunani. Wosha kuwa ta noti ce, siririya, ba ta ɗaga komai.

5/ Ni gammo nake so. Ku tsaya a kasuwar Kejetia ku kalli ƴan dako mata: tsumma a naɗe, zagaye, tsakiyarsa rami, yana zaune tsakanin kai da kaya. Yana ɗaga kayan, yana hana su cin kai. Wannan ma zagaye ne mai rami, yana ɗaga kai, yana hana birki cin firam. Wani dattijo a shagon Masta ya ce gammo laushi gare shi, wannan ƙarfe ne. Gaskiyar Alhaji ce. Amma sirdin keke ma ba na doki ba ne, wurin zamansa ya ba shi sunan.

6/ Ku ji shi a baki: "Masta, bayana na ciwo, ƙara mini gammo ɗaya." "Gammaye sun yi yawa, kada su wuce milimita 30 zuwa 40." Ko: "Kafin ka rage gammo, juya kan har ƙarshe ka ga ko birki zai tsallake sanda."

7/ In kun canza gammo, notin murfin da ke saman wuya ake fara ɗaurewa da alanki, a hankali, har girgiza ta daina, sannan notukan wuya. Bututun ya kasance ƙasa da bakin wuya, ko na gammon da ke samansa, da milimita 2 ko 3, in ba haka ba murfin ba zai danne komai ba.

Ƴan Nima da Sabon Zango, ku me kuke ce masa?