Wakili ne ko dillali? Neman sunan mai shiga tsakanin marubuci da kamfanin ɗab'i

Mai buɗe zance, daga Gombe

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa marubuta. Akwai wata sana'a a kasuwar littattafai ta Ingila da Amurka wadda har yanzu ba mu tsayar mata da suna a Hausa ba, alhali yaranmu masu rubutu da Turanci sun fara mu'amala da masu yin ta ta intanet. Ita ce sana'ar mutumin da ke karɓar rubutu daga hannun marubuci, ya taya shi gyara, ya kai shi gaban editocin kamfanonin ɗab'i, ya yi ciniki a madadinsa, sannan ya ci gaba da bin kuɗinsa muddin littafin yana kasuwa. A Landan ta kafu wajen shekarar 1875, a hannun wani mai suna A. P. Watt, kuma a wancan zamani kashi 10 cikin ɗari ake cira. A yau abin da aka saba shi ne kashi 15 a cinikin cikin gida, da kashi 20 idan an sayar da haƙƙin fassara zuwa wata ƙasa. Manyan kamfanoni biyar da suka mamaye kasuwar Amurka, wato Penguin Random House da HarperCollins da Simon & Schuster da Hachette da Macmillan, galibin sassansu ba sa duba rubutun da bai biyo ta hannun irin wannan mutum ba, ko da kuwa labarin yara ne mai shafi 32.

Kalmomi uku nake ji a bakin mutane: ejan, dillali, wakili. Ta farkon ita ce ta fi sauƙi, kuma ita ce na fi tsoro. Bahaushe ya san ejan a rumfar zaɓe, ya san ejan na gidan haya, ya san ejan mai nema wa mutane biza, kuma biyun ƙarshe duk sai an ba su kuɗi kafin su motsa. Yarinyar da ta karanta cewa littafinta yana bukatar ejan za ta ɗauka cewa biyan kuɗin fom da kuɗin dubawa yana cikin tsarin, alhali ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka ta haramta wa membobinta karɓar kuɗin karanta rubutu. Don haka nake neman kalmar da za ta nuna, tun daga jin ta, a ɓangaren wa mutumin yake, kuma yaushe ake biyansa.

Wani marubuci, ɗan kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe

Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai a ganina ba sai an yi nisa ba, domin aikin da ka zayyana aikin dillali ne tsantsa. Dillali ya san wanda ke neman wake da wanda ke neman masara, ya san farashin jiya da na yau, ba ya saye da kuɗinsa, kuma ba ya samun la'ada sai ciniki ya faɗa. Sharaɗin da kake nema ke nan, kuma yana cikin kalmar tun asali. Idan aka ce dillalin adabi, ko tsohuwar da ba ta taɓa riƙe littafi ba za ta gane.

Wata malamar Hausa, daga Bauchi

Ɗan'uwa ya kawo hujja mai ƙarfi a kan lokacin biya, amma ya tsallake tambayar Malam ta farko. Dillali a tsakiya yake tsaye. Burinsa ciniki ya faɗa, kuma la'adarsa kan fito daga mai saye, ko daga mai sayarwa, ko daga su biyun, gwargwadon al'adar kasuwa. Shi ya sa mai kaya yakan sa masa ido, yana zargin ko an taya fiye da abin da aka faɗa masa. Wanda muke magana a kansa kuwa ba ya tsakiya. Na marubuci ne shi kaɗai, kamfani ba ya ba shi ko sisi daga aljihunsa, kuma abin da yake samu yana ƙaruwa ne kawai idan na marubuci ya ƙaru. Haka nan alaƙarsu ba ta ƙarewa da ciniki guda: yana karanta yarjejeniya sashe-sashe, yana hana kamfani haɗiye haƙƙin fim da na fassara da na sauti a farashi ɗaya, yana duba lissafin cinikin da kamfani ke aikowa, yawanci sau biyu a shekara, kuma shi ne ke shiga tsakani idan edita da marubuci suka saɓa.

Wannan wakilci ne, da ma'anar da malaman fiƙihu suka ba wakala: mutum ya ɗora wani a matsayinsa a cikin abin da shi kansa yake da ikon yi, wanda aka ɗora kuma amana ce a wuyansa. Na san za a ce kalmar ta yi yawa a bakinmu, ga wakilin ango, ga wakilin gidan rediyo, ga Majalisar Wakilai. To, a duk waɗannan ma'anar ba ta sauya ba, wato wani yana magana da yawun wani. Shawarata ita ce a ce wakilin marubuci, ba wakilin adabi ba, domin adabi bai aiki kowa ba.

Sai dai ba zan bar kasuwa ta tashi hannu rabbana ba, domin sauran kalmomin duk nata ne. Kason da wakili ke cira la'ada ne, babu wata kalma da ta fi ta. Kamfani yana taya littafi, wakili yana iya cewa albarka, idan kuma kamfanoni da yawa suka nuna sha'awa sai a yi gwanjo. Kuɗin da ake ba marubuci tun littafi bai fito ba, wanda za a cire daga kasonsa na ciniki daga baya, Hausa ta riga ta raɗa masa suna mai kyau: kafin alƙalami.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati

Malama, Allah ya ƙara ilimi. Na yarda da wakilin marubuci. Gargaɗina a kan takardar da marubuci ke aika masa ne. Na ga wasu yara suna aro sunanta na Turanci kai tsaye suna cewa sun tura kweri. Duk wanda ya yi aikin ofis a ƙasar nan ya san kweri takardar tuhuma ce, wadda shugaba ke ba ma'aikaci ya kare kansa cikin awa 24 ko 48. Kada a kawo mana ita cikin harkar littafi.

Mai buɗe zance

Baba, mun ji kuma mun bi. Bari in faɗi abin da takardar ta ƙunsa, domin sunan ya fito daga aikinta. Shafi ɗaya ce, kalmomi kamar 300. A cikinta marubuci zai faɗi sunan littafin, da shekarun waɗanda aka rubuta wa, da yawan kalmominsa. Zai taƙaita labarin, ya nuna wane ne jarumi, me yake so, me ya tare masa hanya, ba tare da ya fallasa ƙarshe ba. Zai ambaci littattafai kamar biyu da suka fito kwanan nan waɗanda masu karanta su za su so nasa, ya rufe da layi biyu ko uku a kan kansa. Idan ƙagaggen labari ne, ba a aika ta sai an kammala rubutun. Wakilin da abin ya burge zai nemi a turo masa sauran, amsa takan ɗauki makonni ko watanni, da yawa daga cikin wakilai kuma sun sanar cewa shirunsu shi ne a'a.

Wani ya ba ni shawarar takardar tayi, kuma tana da daɗin faɗa, amma a kasuwa mai saye ne ke tayi, marubuci kuwa ba saye ya zo yi ba. Takardar talla kuma ta yi kama da abin da ake liƙawa a bango. Na fi karkata ga wasiƙar neman wakili, ko da ta fi tsawo, domin wanda ya ji ta ba ya bukatar ƙarin bayani.

Saura rukunan shekaru, waɗanda dole a ambata a cikin wasiƙar. Littafin hotuna na ƙanana ba shi da gardama, sai dai a lura cewa kamfani ne ke zaɓen mai zane, marubuci rubutu kawai yake aikawa. Na 'yan shekara 8 zuwa 12 shi ne adabin yara. Matsalar tana kan na 'yan 12 zuwa 18, wanda aka saba fassarawa da adabin matasa.

Malamar Hausa

Matasa ba ta dace ba, Malam. A wurinmu mai shekara 35 da mata da 'ya'ya uku yana iya zama shugaban matasan unguwa, babu mai cewa uffan. Wanda ya ji adabin matasa zai kawo labarin ma'aurata da kishiya, ya yi mamakin da aka mayar masa. Samari da 'yan mata kuma tana jan hankali zuwa soyayya kaɗai. Abin da ke bambanta rukunin shi ne shekarun jarumin labarin da irin idon da yake kallon duniya da shi, wato ɗan sakandare da ke tsakanin ikon iyaye da ikon kansa. Masu tasowa ita ce kalmar da iyayenmu ke amfani da ita ga daidai waɗannan yara, don haka a ce adabin masu tasowa. Ba sai masu karatun sun kasance yara ba: binciken da kamfanin Bowker ya fitar a 2012 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na masu sayen irin waɗannan littattafai a Amurka sun kai shekara 18 ko sun wuce.

Game da sauyin abin da kasuwa ke so kuwa, kada kowa ya wahalar da kansa da ƙirƙirar sabuwar kalma, domin yayi ne. An yi yayin labaran masu shan jini, aka yi na duniyar da ta lalace ƙarƙashin azzalumar gwamnati, daga 2014 kira ya yi ƙarfi a kan a buga labaran al'ummomin da ba a saba gani ba, kuma a cikin wannan yanayi ne littafin marubuciya Tomi Adeyemi, wanda ta gina a kan al'adun Yarbawa, ya fito a 2018. Yanzu masu tallata littafi a TikTok suna da tasiri a kan abin da ake saye. Kalmar yayi tana ɗauke da gargaɗinta, domin kowa ya san yayi wucewa yake yi, littafi kuwa yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu daga ranar ciniki zuwa ranar fitowa, ban da lokacin rubutu da na neman wakili.

Ɗan Tudun Hatsi

Malama, na sallama a kan wakilin marubuci, amma ina riƙe da dillali domin wani gurbi. Malam ya ce la'adar fassara kashi 20 ce, dalili kuwa shi ne wakili yakan raba ta da wani abokin aiki a ƙasar da za a sayar, wanda ya san kamfanonin can da harshensu. Irin waɗannan su ne ke cika baje kolin littattafan yara na Bolonya a Italiya, wanda ake yi tun 1964, suna zama da editoci ɗaya bayan ɗaya suna nuna musu kaya. Wannan mutum sau da yawa bai taɓa ganin marubucin ba, yana riƙe da littattafan wakilai da kamfanoni da dama a lokaci guda, kuma aikinsa haɗa mai kaya da mai saye. Shi kam a rubuta shi dillalin haƙƙin fassara.