Kwalliyar takarda na yin fumfuna da damina, me zan haɗa da sitaci?

Assalamu alaikum. Ina wani ƙauye kusa da Gumel, ina haɗa kayan kwalliyar bango da tsofaffin littattafan makaranta da kwalayen ƙwai. Nakan jiƙa takardar, in daka ta a turmi, in kwaɓa da dafaffen sitacin rogo, sannan in liƙa a bayan ƙwarya ta ɗauki siffa. Da rani lafiya lau, ta bushe ƙarau.

Tunda damina ta sauka abin ya lalace. Waje ya bushe, ciki da danshi, sai baƙin fumfuna ya fito ɗigo-ɗigo, ga warin tsami. Kyankyasai kuma sun sami abinci, suna gaigayar bakin.

Na zuba gishiri, ashe shi ma danshi yake ja. Na koma ƙaro, ya kama da kyau, amma iska na yin sanyi sai ya koma danƙo. Fentin mai na shafa, ya kumbura ya ɓare. Gam na kafintoci kuwa tsadarsa ta cinye ribar.

Don Allah masu wannan sana'ar, me ake sa wa a kwaɓin sitaci da zai hana fumfuna da ƙwari, wanda zan iya samu a kasuwar Maigatari?